Dogo Ya Sauka a Gidan Unguwa

Maraɗi, 6 ga Muharram 1365

Daga Uwani ɗiyar Abdulmuɗallib zuwa ga yayana Jibo a Jiratawa.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gaida iyali, ina gaida lambu. Malam Ilyasu limamin unguwarmu ne ke rubuta mini, Hamidu mai jakai zai kawo maka in ya sauke albasarsa.

Yaya, saƙonka ya iso, cewa in tattara in komo gida tunda ruwa ya ci gari. Na gode, amma ba ni zuwa. Ga dalili.

Ka san da Gulbi ya shafe tsohon gari da damina, Kumandan ya ce kowa ya hau tudu, aka ja layi aka raba filaye. Sai dai wanda sunansa ke cikin takardar ƙidaya kaɗai aka ba. Ni na samu, da sunan marigayi maigidana. To, ina waɗanda ba su cikin takarda? Tsofaffin da ke raɓe a zaurukan mutane, ƴan cirani, matan da mazansu suka tafi soja har yau shiru. Da zaurukan suka narke sai suka watsu gindin itatuwa da rumfunan kasuwa, ga sanyi ya shigo.

Ni kaɗai ce, ba miji ba ɗa, ga fili wanda zai ɗauki gidan attajiri. Na je wurin mai unguwa na ce ga fili, ku kawo hannu. Cikin kwana biyar maza suka kafa bukka bakwai, huɗu na mata uku na maza. Gidan Unguwa ake ce masa. Yau mutum goma sha tara ke kwana ciki.

Kada ka ɗauka ni ke ciyar da su. Gida goma sha biyu ne suka raba kwana, kowane da ranarsa ta tuwo. Ran kasuwa mahauta na aiko da ƙashi da kayan ciki. Su ma mutanen ba zaune suke ba: masu ido na ɓarar gujiya wa fatake, tsofaffin mata na kaɗi, masu ƙarfi na jan ruwa. Mutum uku har sun tashi. Wata ta gano ƴan uwanta a Tsibiri, samari biyu sun sami aikin lodin kamyo, manyan motocin kaya. Dokarmu ɗaya ce: wanda ya zo, sai ya sha ruwa ya ci tuwo kafin a tambaye shi sunansa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. An aiko daga biro, ofishin Kumandan, cewa ba a son bukkar kara a sabon gari saboda gobara. Kafin ruwan farko, ko mu yi ginin ƙasa, ko su sa mata wuta da kansu. Ka ji maganin gobara irin na Nasara. Ƙasa muna da ita, tubali muna yi, azara ce babu. Na ji ruwa ya kayar da giginya uku a fadamarka. Ka sa a tsaga mana, Yaya. Ladar ta fi ƙarfin ni kaɗai, shi ya sa nake raba ta.

A gaida Tsahara, matar marigayi autanmu, in ta leƙo, ita da ɗiyarta Atika.

Ƙanwarka,
Uwani

*

Jiratawa, 13 ga Muharram

Zuwa ga Uwani.

Bayan gaisuwa, muna lahiya, sai godiya. Takardarki ta iso. Da kaina na karanta, da hannuna nika ba ki amsa, don ɗan karatun da Baba ya dake ni a kai bai zube duka ba.

Tun kina yarinya haka kike. Ke ce kika ɗauko kurciya mai karyayyen hihhike kika ɓoye cikin tukunyar Inna, har anka kwana ba miya. Yanzu kin girma, kurciyoyin sun zama goma sha tara. Ni dai ina gaya miki, tuwon maƙwabta da kaka yake da daɗi. Bari bazara ta yi, rumbuna su yi ƙasa, ki ga gida nawa za su tuna da ranarsu.

Amma tunda kin kahe, giginyun suna nan kwance. In na kwashe taba zan sa a tsaga. Za su ba da azara arba'in, in ta hi haka ma taki ce. Hamidu zai kai miki da kaɗan-kaɗan.

Tsahara ba ta cika zuwa nan ba tun da ta yi aure Tsibiri. Atika an ce ta girma, wai kamar uban ya yi kaki.

Allah ya kiyaye ki da wuta, ta Nasara da ta murhu.

Yayanki,
Jibo

*

Maraɗi, 18 ga Safar

Zuwa ga yayana Jibo.

Gaisuwa da godiya bisa alkawarin azara. Tubali ya kai dubu biyu, yana shan rana.

Yaya, akwai magana. Gara ka ji ta bakina kafin ƴan kasuwa su kawo maka ita da gishiri.

Ran Jumma'ar da ta wuce wani mahauci ya tsinci makaho kwance bayan rumfarsu, zazzaɓi na kaɗa shi, ya ɗoro shi bisa jaki ya kawo. Na ba shi ruwa, na dama masa kunu. Ya sha ya ce Allah ya saka. Da jin muryar sai Maidawa ya ajiye abin da ke hannunsa. Maidawa shi ne maginin da ke jagorar aikinmu, a nan yake kwana, ƙafarsa ɗaya ta shanye tun aikin tilas. Ya ja ni gefe ya ce, “Uwani, kin san wa kika ba kunu? Dogo ne, gardin Nasara mai tsaron ƴan aikin tilas a hanyar Dakwaro.”

Shi ne, Yaya. Wanda ya zo gidanmu shekara shida da suka wuce ya tafi da autanmu Tanimu, bayan wata biyu aka aiko da hularsa aka ce ya rasu. Da idonsa ya mutu aka karɓe kayan sarki aka sallame shi. Matarsa ta tafi. Ɗakin da yake raɓe ciki ruwa ya ci.

Kafin la'asar unguwa ta taru a ƙofar mai unguwa. Babu gidan da ba shi da wanda Dogo ya taɓa. Wani ya ce a mai da shi inda aka ɗauko shi. Wata ta ce ranar tuwonta ba ta tuƙa wa azzalumi. Sai Maidawa ya dogara sandarsa ya miƙe ya ce, “Ni ya karya wa ƙafa, ba ku ba. Mun ce ba mu tambayar suna sai an ci tuwo. Ashe don mu kori mutum ne in mun ji sunan? In haka ne ku faɗa mini yau, in san irin gidan da nake ginawa.”

Malam Ilyasu ya ɗaga hannu ya yi addu'a, kowa ya shafa ya tashi. Matar nan da ta ce ba ta tuƙawa, ranarta ta zo, ta aiko da tuwo. Ta ce a faɗa masa ba dominsa ta yi ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Kwana uku ban iya duban wajen da yake ba, wata ce ke kai masa ƙwarya. Rana ta huɗu na kai da kaina. Na ce, “Ni yayar Tanimu ce na Jiratawa.” Ya janye hannunsa daga ƙwaryar. Na ce, “Ci, babu komai ciki sai tuwo.” Yanzu ya sami sauƙi, yana zaune gindin bango yana tufkar igiya.

Gidan nan amana ne a hannuna, ba nawa ba ne da zan zaɓi wanda raina ke so. Na san ranka zai ɓaci. Nawa ma a ɓace yake, amma na san abin da nake yi.

Ƙanwarka,
Uwani

*

Jiratawa, 21 ga Safar

Uwani,

Na amsa gaisuwa don ba a ƙin sallama.

Yana tuhkar igiya, kika ce. Ai ya san igiya. Da ita ya ɗaure ɗan uwanki a ƙugu, ya haɗa shi da mutum bakwai kamar awakin kasuwa. Ke ba ki nan ranar, kina gidan mijinki Maraɗi. Ni ina nan. Inna ba ta ƙara cin abincin kirki ba har ta bi shi.

Ki ce wa Maidawa ƙahwarshi tashi ce, ya yi kyauta da ita in ya so. Jinin Tanimu ba nashi ba ne, ba kuma naki ke ɗaya ba ne.

An tsaga azarar, arba'in da shida ta hito. Tana nan jingine bayan rumbu. Muddin wanga mutum na kwana gidan nan, ko sili guda ba ya barin Jiratawa. Ba zan yi ma makashin ƙanena inuwa da itacen gonar ubanmu ba. Ki zaɓa: ko shi guda, ko sauran goma sha tara. Ruwa ba ya jiran kowa, Kumandan ma haka.

Kuma kada ki zauna kina sauraren bakinshi. Mutum irin wanga in ya rasa bulala, da harshe yake duka.

Jibo

*

Tsibiri, 10 ga Rabi'ul Awwal

Daga Tsahara zuwa ga Yaya Uwani.

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa, don har gobe haka na ɗauke ki ko da aure ya kai ni wani gida. Barka da shan Mauludi. Atika na gaishe ki. Malamin maƙwabtanmu ne ke rubuta mini.

Na ji labari wajen masu kawo gishiri. An ce wancan mutumin yana hannunki, an ce kuma kun sami saɓani da Yaya Jibo a kansa. Ni ba zan shiga tsakaninku ba. Roƙo ɗaya gare ni: kada ki bari ya tafi ko'ina sai na zo.

Yaya, hula aka kawo mini. Da hula na yi takaba. Atika na cikin zanen goyo lokacin, yanzu ta kai shekara bakwai. Ran Jumma'a in ta ga mutane za su ziyarar maƙabarta sai ta ce, “Inna, Babana yana wane wuri?” In ce yana arewa. Ta ce, “Arewa ina?” Nan nake tsayawa. Ban san ko an wanke shi ba, ban san ko an yi masa salla ba, ko kuwa kuraye aka bar wa. Duk duniya mutum ɗaya ne ya sani, kuma Allah ya kawo shi ya ajiye a ƙofarki.

Maigidana mutumin kirki ne, ya ba ni izini. In an gama sussuka zan zo ran kasuwa.

Allah ya ƙara miki ƙarfi.

Taki,
Tsahara

*

Maraɗi, 4 ga Jimada Sani

Zuwa ga yayana Jibo.

Gaisuwa mai yawa. Wata uku ban rubuto ba, ba fushi ba ne, aiki ne. Hamidu ya ce kowace kasuwa sai ka tambaye shi ko da takarda, kana yi kamar zancen farashin albasa kake. To, ga ta.

Ka ce in zaɓa. Ban zaɓa ba. Na kai takardarka gaban unguwa, Malam ya karanta musu wurin azarar kaɗai. Wata tsohuwa cikin mutanenmu ta ce, “Ai ruwa ƙasa ya ci, bai ci itace ba.” Tun daga ranar, kowace Lahadi sai mu gangara tsohon gari da fartanya da gatari, kowa ya nuna kufan gidansa a tona. Wata azarar ta ruɓe, wata kuwa kamar jiya aka tsaga. Mun fito da hamsin da biyu. Maidawa ya rufe ɗaki uku da zaure, mata suka yi daɓe. Da aka aiko gardi ya duba, ya zagaya bai sami abin ƙonawa ba, ya sha ruwa ya tafi.

Gaskiyarka wuri ɗaya: da bazara ta yi, gida uku sun kasa. Ba mu yi musu gori ba. Abin da aka samu a ɓarar gujiya da igiya ya rufe ranakunsu. Babu wanda ya kwana da yunwa, sai dai tuwon ya yi ruwa.

Ka ji kuma ana cewa an hana aikin tilas daga can ƙasar Faransa? Maidawa ya ji ya yi dariya, ya dubi ƙafarsa ya ce, “Kin ji, an hana.”

Tsahara ta zo. Na kai ta inda Dogo ke zaune na ce, “Ga matar Tanimu.” Ya sauko daga tabarma ya zauna a ƙasa. Ba ta gaishe shi ba. Ta ce, “Ciwo ne ya kashe shi ko bulala?”

Ya ce, “Su biyun. Zawo ya kama shi kwana biyar. Rana ta shida bai iya tashi ba, na ɗauka lalaci ne, na sa masa bulala. Bai kai la'asar ba.”

Ta ce, “An yi masa salla?”

Ya ce, “An yi. Akwai wani malami cikin ƴan aikin. Na kau da kai suka bar aiki suka wanke shi, rawanin malamin aka yi likkafani da shi. Mutum tara suka yi sahu. Ni ban shiga ba, kunya ta hana ni.”

Ta ce, “A ina?”

Ya ce, “Tafiyar kwana biyu arewa. Akwai rijiya mai bakin itace, da gawo biyu gabas da ita. Taku talatin daga na biyun. Idona ya mutu, amma in aka tsai da ni bakin rijiyar zan kai ku.”

Tsahara ta nemi ruwa ta wanke fuska ta ce, “To, yanzu ina da abin faɗa wa ɗiyata.” Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba shekara shida, na fito na raba tuwo, don lokacinsa ya yi.

Akwai sauran magana ɗaya da ya faɗa, kai ta shafa. Ba zan sa ta a takarda ba, sai mun haɗu.

Ƙanwarka,
Uwani

*

Jiratawa, 7 ga Jimada Sani

Uwani,

Sallama gare ki. Malam Ilyasu, na san kai za ka karanta mata wagga takarda. Amana ce, ka karanta ku biyu.

Ba sai mun haɗu ba. Na san abin da Dogo ya gaya muku, kuma gara ki ji daidai daga gare ni.

Sunana ne cikin takardar, ba na Tanimu ba. Namiji guda anka ce daga gidanmu, babba. Ruwan shuka ya sauka kwana biyu kamin nan, matata na kan gwiwa. Da na ji ƙarar doki bakin gari sai na hau rumbu na ja murhi na ruhe kaina. Ina ciki ina jin komai. Dogo ya kira sunana sau uku. Sai na ji muryar Tanimu ya ce, “Yaya ya tahi Katsina, ga ni.” Takalmana na nan gindin rumbun. Dogo ya tsaya daidai wurin, ina jin numhwashin dokinshi ta jikin ƙasa. Ya ce, “Katsina ko? To, Allah ya dawo da shi lahiya.” Sunka tahi.

Na ce ma kaina wata biyu ne, zai dawo, in ba shi gonar hwadama. Ban hito ba sai da rana ta yi tsaka.

Shi ke nan. Ba inuwa nika hana ma Dogo ba, bakinshi nika tsoro. Ki yi da ni yadda kika ga dama. Azarar tana nan, ki aiko a ɗauka, ko ki bar ta ta ruɓe in kina ƙyamarta.

Jibo

*

Maraɗi, 10 ga Jimada Sani

Yaya,

Na gaishe ka. Malam ya karanta mini mu biyu, kamar yadda ka ce.

Dogo bai taɓa ambaton rumbu ba, ko gare ni ko ga wani. Jiya na fara ji, daga hannunka.

Maganar da na ce ta shafe ka, saƙo ne. Tanimu ya bar shi kwana ɗaya kafin ya rasu, Dogo ya riƙe shekara shida bai isar ba. Cewa ya yi, “A gaya wa Yaya bakin rijiyar lambu ta gabas ya zube, ya gyara kada yara su faɗa.” Shi ke nan saƙon. Na sa Dogo ya maimaita sau biyu ko akwai saura, ya ce babu.

Ka ce in yi da kai yadda na ga dama. Jiya ban ci abinci ba, ba zan ɓoye maka ba. Amma ni da na ba Dogo tuwo, kai zan rufe wa ƙofa? Kuma ka manta abu ɗaya. Tsahara na tsakar gida ranar, da goyo a bayanta. Ba shakka ita ma ta ga takalman, sai yanzu na gane. Shekara shida ba ta faɗa wa kowa ba. Ran da ta zo, da na tambaye ta wa zai raka su arewa ita da Atika, don mace da yarinya da makaho ba su yin hanyar nan su kaɗai, ba ta ce maigidanta ba. Cewa ta yi, “Yaya Jibo. Shi ya fi kowa bukatar zuwa.”

Azarar kuwa, ka ba Hamidu ya kawo. Mata biyu sun ƙaru, ɗaya da jariri, ɗaki na huɗu muke so.

Gajimare sun fara haɗuwa gabas. In za ku je, yanzu ne.

Ƙanwarka har kullum,
Uwani

*

Jiratawa, 12 ga Jimada Sani

Uwani,

Lahiya lau. Ina zuwa ran Litinin da hantsi da jakai biyu. Ki aika Tsibiri su iso tun Lahadi. Tsahara da yarinya su hau guda, shi ya hau guda, ni na tahi ƙasa in ja mishi.

Kada ki ce mishi na yahe. Ban kai nan ba tukuna. Ki ce mishi dai ya riƙe hanyar da kyau cikin kanshi.

Ki dama muna hura mai yawa, hanyar ba ruwa.

Yayanki,
Jibo